Amsoshin Tambayoyinku: Adon Mai Motsa Jiki

Wata mai sauraronmu daga Kasuwar Kilomita Biyar a Bangui ta ce takan fita sassarfa bayan asuba kafin ta buɗe shago, amma sarƙarta ta dafe, wuyanta kuma na ƙaiƙayi. Wane ado ya dace da ita?

To, Hajiya, gumi ne ya yi wannan aiki. Akwai gishiri a cikinsa, ga shi Bangui gari ne mai zafi da laima a bakin kogin Ubangi. Sarƙar da aka yi wa wankin zinare, da zarar ruwan zinaren ya goge sai tagulla ta bayyana, ta bar koren zane a wuya. Ƙaiƙayin kuwa galibi daga ƙarfen nikel yake, wanda ake gaurayawa cikin kayan araha.

Idan zinare za ki saya, nemi karat 18, wato kashi 75 cikin 100 zinare ne. Ya fi karat 24 jure wahala, domin tsantsar zinare laushi gare shi, nan da nan yake lanƙwashewa. Idan aljihu bai kai ba, ƙarfen da ba ya tsatsa zai wadatar, sai dai wani nau'insa ma yana ɗauke da nikel, ki gwada na kwana biyu tukuna.

Ni dai shawarata, ƙananan 'yan kunne masu manne wa kunne sun isa. Masu reto kan maƙale a mayafi su tsaga kunne. Zobe kuwa ki cire shi kafin ki fita, saboda yatsu kan kumbura idan jiki ya ɗau zafi. In kin dawo, ki goge 'yan kunnen da busasshen tsumma.