Kafin Ka Ɗora Hoton Sama a Shafinka na Yanayi

Sana'ata saka kyamarori da na'urorin auna yanayi, a gidaje da gonaki da makarantu, galibi a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita. Cikin 'yan shekarun nan masu neman in haɗa musu kyamara da shafinsu na yanayi sun ƙaru: malamin labarin ƙasa mai son ɗalibansa su ga abin da yake koyarwa, mai noman rani, mai kiwon kaji, da wanda sha'awa ce kawai ta kawo shi. Tambayar farko a bakin kowa ɗaya ce, wace manhaja ce ta fi kyau? Ni kuwa ba na ba da amsa sai na fara ba mutum labarin wani hunturu.

Wani mai gona ne ya haɗa shafinsa da hannunsa, kuma ya yi ƙoƙari. Ga zafin gari, ga laima, ga gudun iska, ga hoton sama a saman shafi. Wata safiya cikin Janairu hazo ya rufe Kano ruf. Ƙaninsa da ke Legas, wanda zai taso a jirgi ranar, ya buɗe shafin ya ga sama garau, har ana hango bishiyoyin ƙarshen gona. Ya ɗauki jaka ya nufi filin jirgi, ya wuni a can, jirgi bai tashi ba. Ashe hoton ya kwana huɗu. An ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, da aka dawo da ita manhajar na'urar auna yanayi ta ci gaba da aikinta, ta kyamara kuwa ta tsaya jiran a danna mata maɓalli. Lambobi na yau, hoto na kwana huɗu da suka wuce, babu ko kwanan wata a jikinsa.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, shi ya sa tsohon hoto ya fi tsohuwar lamba ɓarna. Mutum yana iya kokwanton lamba, amma ba ya kokwanton idonsa. Tun daga wannan aiki abu biyu nake fara nema a jikin kowace manhaja: ta tashi da kanta ba tare da hannun kowa ba, kuma ta buga rana da lokaci a jikin hoton kansa. Sauran kwalliya duk bayan waɗannan suke.

Gwajina ba shi da wuya. In na gama haɗawa sai in zare filogi, in mayar, in koma gefe in zauna. In sabon hoto bai hau shafi da kansa ba, manhajar ta faɗi. Sai in cire wayar kyamara na minti goma in mayar, domin akwai manhajar da in kyamara ta ɓace mata sau ɗaya ba ta ƙara nemanta. Sai in kashe data na awa guda. Yawancin masu rubuta waɗannan manhajoji suna zaune ne a ƙasashen da ake shekara wuta ba ta ƙifta ba, ba laifinsu ba ne, amma mu nan a rana ɗaya sai a ɗauke sau biyar.

Zaɓen manhaja yana bin irin kyamarar da ke hannunka. Ƙaramar kyamarar USB da ake ɗorawa a kan kwamfuta ba a yi ta don rana da ruwa ba, kuma wayarta in ta wuce mita 5 sai ta fara gardama. In ka ajiye ta bayan gilashin taga, da dare fitilar ɗakinka za ka riƙa ɗauka. Kyamarar tsaro mai wayar intanet ta fi dacewa. Wayarta tana kaiwa mita 100, mai tsarin PoE kuma waya ɗaya ce ke kai mata wuta ta dawo da hoto. Ka duba alamar IP66 ko IP67, wato ƙura ba ta shigarta kuma tana jure ruwa. Sai babbar tambaya ga mai shago: tana da RTSP da ONVIF? Waɗannan su ne ƙofofin da wata manhaja za ta bi ta karɓi hoto. Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Oga, ai wannan a wayarka kawai za ka kalla, ta fi sauƙi." Irin wannan kyamara a kulle take da manhajar kamfaninta, ba za ta ba shafinka komai ba. Araha ba ta ado.

Akwai abin da mutane ba su cika sani ba. Kyamarorin tsaro da yawa suna iya ɗaukar hoto bayan kowane minti kaza su tura shi da kansu ta FTP zuwa inda shafinka yake zaune, da rubutun lokaci a jiki. In taka tana yi, kuma hoto kawai kake so, to ba ka bukatar kwamfuta ko wata manhaja. Duk na'urar da ka rage a tsakani, ka rage wurin da aiki zai iya tsayawa.

Kusan kowa da bidiyo kai tsaye yake fara mafarki, sai mun zauna mun yi lissafi. Bidiyo mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 11 a rana, fiye da gigabait 300 a wata. Hoto mai kilobait 200 bayan kowane minti biyar kuwa hotuna 288 ne a rana, megabait 58 ke nan, bai kai gigabait 2 a wata ba. Ko kowane minti za ka tura, ba ka kai gigabait 9 ba. Gajimare ba mota ba ne, hoton minti biyar ya isa ya nuna hadari yana haɗowa. Kyamarar intanet ta farko ma hotuna take turawa: ta Jami'ar Kambirij ce a Ingila, wadda aka saita a 1991 tana kallon tukunyar kofi, ta hau intanet a 1993, aka kashe ta a 2001. Akwai kuma FogCam a birnin San Faransisko na Amurka, tun 1994 take kallon raɓar hazon garin da hotuna ɗaya bayan ɗaya.

Wani dalilin da ya sa nake cewa ka tura hoto waje, kada ka buɗe ƙofa a shigo a ɗauka, shi ne yadda layukan data na waya suke. Kamfani yana haɗa mutane masu yawa a kan adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofa a na'urar rarraba intanet ba ya aiki. Inda kuma ya yi aiki, haɗari ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin rarraba intanet waɗanda masu su ba su canja kalmar sirrin kamfani ba, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Ranar da ka ɓare kwalin kyamara, ranar za ka canja kalmar sirri.

To, sunaye. Mai kwamfutar Windows da ke son abu kyauta ya duba Yawcam. Tana tura hoto ta FTP, tana rubutu a jikinsa, kuma ana iya saita ta ta tashi tare da kwamfuta ko ba wanda ya shiga. Blue Iris ta kuɗi ce, Agent DVR kuma tana aiki a Windows da Linux, amma dukansu don tsaro aka gina su, sun fi dacewa da wanda dama yana da kyamarori da yawa a gida. Mai amfani da Weather Display yana da ɓangaren kyamara a cikinta. Cumulus MX da WeeWX aikinsu karɓar lambobi daga na'urar auna yanayi, ba ɗaukar hoto ba, sai dai suna fitar da lambobin a ƙaramin fayil wanda za a iya ɗauko zafi da gudun iska daga ciki a rubuta a ƙasan hoto.

Ni dai abin da na fi sakawa shi ne Raspberry Pi, kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Wutar da take ci ba ta cika wuce wat biyar ba, ƙaramin batir da falle ɗaya na sola sun riƙe ta da kyamara da na'urar intanet dare da rana, alhali babbar kwamfutar tebur tana cin ninkin haka sau goma ko fiye. Manhajar ffmpeg ta ciro hoto ɗaya daga kyamara, ImageMagick ta yi rubutu, cron ya maimaita bayan minti biyar. Ba ta da kyan gani, sai an rubuta 'yan layukan umarni, amma kowane zagaye daga farko yake farawa, don haka in wannan ya faɗi na gaba zai yi. Wurare biyu take da rauni. Waɗanda suka gabaci Pi 5 ba su da agogo mai batir, daga intanet suke karɓar lokaci, in ta tashi babu data sai ta buga lokacin ƙarya. A hana ta tura hoto sai agogo ya daidaita, ko a saka mata ƙaramin agogo mai batir. Sannan ɗaukewar wuta tana cikin rubutu yakan lalata memori, wani dalilin ke nan na batir.

Ƙananan abubuwa biyu wajen turawa. A tura hoton da sunan wucin gadi, sai ya gama hawa a canja masa suna, in ba haka ba mai kallo zai riƙa cin karo da rabin hoto. Kuma tun da sunan fayil ba ya canjawa, wayar mai kallo takan nuna masa wanda ta ajiye jiya, sai a liƙa lambar lokaci a ƙarshen adireshin hoton. Nakan ƙara 'yan layuka a shafi: in hoto ya wuce minti ashirin, a rufe shi da rubutun cewa kyamara ba ta aiki yanzu.

Ina za ta kalla? Littattafan Turai za su ce maka arewa, don can rana ta kudu take bi kullum. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana ta arewa da kanmu take wucewa. Kuma kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, yawanci da la'asar, lokacin da rana ta riga ta koma yamma tana haska shi, ko kuma da dare. Don haka gabas nake fuskantarwa, in ɗan karkata kudu, domin da damina rana ta arewa maso gabas take ɓullowa. Kashi biyu cikin uku na hoton sama, sauran ƙasa.

Wannan ƙasar da ke cikin hoto ita ce ma'auninka na hazo. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, ana auna kaurinta ne da nisan da ido ke iya gani, shi ya sa za ka ji hukumar yanayi ta NiMet tana gargaɗin cewa gani zai gaza mita 1,000. Ka zaɓi abubuwa uku ko huɗu da ba sa motsi, tankin ruwa, hasumiyar masallaci, ƙarfen sabis, ko Dutsen Dala in kana hango shi, ka auna nisan kowanne a taswirar Google ka rubuta a ƙarƙashin hoton. Ranar da hasumiya ta ɓace, mai kallo ya san inda gani ya tsaya. Wannan ba ya maye gurbin sanarwar hukuma, amma yana faɗa wa mutum halin unguwarsa. Sai dai kyamarar tsaro an ƙera ta ne don ta ga fuskar ɓarawo ko cikin ƙura. Tana da saitin share hazo, tana kuma gyara launi da kanta, sai ta mayar da farar samar hunturu shuɗiya. Ka kashe na farkon, ka ɗaure launi a kan saitin waje. Ka kashe jan fitilunta na dare, ba sa haska gajimare, ƙwari kawai suke tarawa, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a kan gilashi. Kuma ka kafa ta inda hannu zai kai da ɗan tsani, domin da hunturu duk bayan kwana biyu ko uku sai an goge ta da tsumma mai laushi, in ba haka ba ƙurar gilashi za ta zama hazon da babu shi. Da damina kuwa wayar da ta hau rufi hanyar tsawa ce, a saka mata abin kariya a haɗa shi da ƙasa.

Saura abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Gidajenmu tsakar gida gare su, a buɗe take ta sama, nan iyali ke girki da wanki da shan iska, wani gidan ma banɗakinsa ba rufi. Kyamarar da ke kan bene tana ganin abin da mai wucewa a titi ba ya gani, kai kuma duniya za ka nuna wa. Addini ya hana leƙen gidan mutane, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Kyamarorin tsaro suna da saitin da ake shafe wani ɓangare na hoto da baƙi. A yi shi a cikin kyamarar kanta, ba a manhajar kwamfuta ba, don kada hoton tsakar gidan wani ya fita daga cikinta ko sau ɗaya. Kada kuma a saka mai juyawa da za a iya karkata ta daga nesa.

Wata rana ina kan tsani a wata makaranta, sai ga dattijon da ke maƙwabtaka ya fito ya tsaya yana kallona. Na sauko na gaishe shi.

"Yaro, wannan abin naku gidana yake kallo?"

"Baba, sama muke so ta kalla. Amma ga shi ka duba da idonka."

Na miƙa masa waya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa ta hagu, inda kan katangarsa da reshen darbejiyar gidansa suka fito. Tsakar gidan ba ta fito ba, amma na koma sama na ɗaga kan kyamarar kaɗan, na shafe kusurwar da baƙi, na sake kawo masa. Ya gyaɗa kai, ya ce in shugaban makaranta ya yarda a saka wa jikansa adireshin shafin a waya, yana da gero a gona ta gabas da gari, yana so ya riƙa ganin hadari kafin ya iso.