Yadda Barewar Daji Ta Zama Dabbar Kiwo a Niyu Zilan

Jama'a, kowa ya san kiwon shanu da tumaki da awaki. Amma wa ya taɓa ganin garken bareyi cikin shinge, mai su yana ƙirga su safe da yamma kamar yadda makiyayi ya ke ƙirga shanunsa? To, akwai ƙasar da a ke yin haka, sunanta Niyu Zilan. Yau za mu karanta yadda abin ya faro, da wahalar da ke cikinsa, da amfanin da a ke samu.

Niyu Zilan tana can nesa cikin teku, wajen mil 1,000 kudu maso gabas da Ostiraliya. Manyan tsibirai 2 ne da waɗansu ƙanana. Ƙasa ce mai ruwan sama da ciyawa da dogayen duwatsu. Lokacin sanyinsu daga watan Yuni ne zuwa Agusta, zafinsu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wace irin barewa ce?

Barewar da mu ke magana ba irin tamu ba ce. Asalinta daga Turai ne, saboda haka za mu kira ta barewar Turai. Ta fi tamu girma nesa. Tamacen ta kan kai kilo 100, namijin kuwa ya kan wuce kilo 200. Gashinta ja-ja ne da zafi, ya kan koma toka-toka da sanyi. Tana cin ciyawa da ganye, tana kuma tuƙa kamar akuya.

Babban bambancin yana wajen ƙaho. Barewarmu da gwanki da kanki ƙahonsu ba shi da reshe, kuma ba ya faɗuwa har su mutu. Barewar Turai kuwa namiji ne kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon nan ƙashi ne zalla, yana da rassa kamar itace. Kowace shekara ya kan faɗi, wani sabo ya tsiro. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Yadda aka kai ta

Da can babu barewa ko ɗaya a Niyu Zilan. Kafin mutane su isa ƙasar, babu wata dabba mai shayarwa a kan tudu sai jemage. Da Turawan Ingila suka zauna can, sai suka yi marmarin farautar da suka sani a gida. Suka aika a kawo musu bareyi cikin jirgin ruwa. Waɗanda aka fara kawowa a 1851 ba su hayayyafa ba. A 1861 aka ƙara kawo waɗansu, aka sake su kusa da garin Nelson, waɗannan kam suka yi iri. A 1905 kuma aka kawo wata iri daga Amurka wadda ta fi girma, ana kiranta wafiti. Waɗansunsu kyauta ce daga Shugaban Amurka, Theodore Roosevelt. Aka yi doka ta kare su, ba mai harbi sai da izini.

Baƙuwa ta zama annoba

To, ga ciyawa, ga ruwa, ba zaki, ba damisa, ba kura. Me zai hana su yawa? Cikin shekara 60 sun cika dazuzzuka. Suka cinye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba, har ƙarƙashin kurmi ya zama fili. Suka shiga makiyayar tumaki suna cin ciyawa. Mutane suka ga ƙasa tana zaizayewa a gangaren duwatsu, suka ɗora musu laifi.

A 1930 Gwamnati ta janye dokar da ke kare su. Ba da daɗewa ba ta ɗauki maharba aiki. Maharbi ya kan yi watanni cikin daji, kowace barewa ya kashe sai ya yanke wutsiyarta, don da wutsiyoyin a ke ƙirga aikinsa. Aka yi shekaru ana harbi, amma bareyi ba su ƙare ba. Dabbar da aka sayo da kuɗi, ga shi ana ɓad da kuɗi don a rage ta.

Daga harbi zuwa kiwo

Sai ga wata hanya ta buɗe. Mutanen Jamus suna son naman nan ƙwarai, suna kuwa biyan kuɗi mai kyau. A shekarun 1960 maharba suka fara bin bareyi da jirgin sama mai saukar ungulu. Su harbe su daga sama, su ɗauko su da igiya, a gyara naman a daskarar da shi, a aika Jamus. Wani mutum mai suna Tim Wallis yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan sana'a.

Da harbi ya yi yawa, bareyin daji suka ragu, masu saye kuwa suna nan suna jira. Sai masu hangen nesa suka ce, me zai hana a kama su da rai a yi kiwonsu? A 1969 aka yi doka ta ba da izini, gonakin farko suka kafu wajen 1970.

Kamun da rai aiki ne mai hatsari. Da fari saurayi ya kan diro daga jirgin ya faɗa kan barewa tana gudu, ya kā da ita ya ɗaure. Daga baya aka ƙera bindiga mai harba raga. Jirage da yawa suka faɗi cikin duwatsu, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Daga waɗannan kamammun ne yawancin garkunan farko suka fito.

Shinge da sanin hali

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko an haife ta cikin gona, halin daji yana jikinta. Tana da tsoro, tana da tsalle. Shingen da ke tsare tunkiya wasa ne a wurinta. Saboda haka a kan kewaye gonar da waya mai ƙarfi, tsayinta ya ɗara ƙafa 6. Kuɗin shingen nan yana cikin manyan nauyin da ke kan mai fara kiwo.

Ba a korar su da ihu ko duka. In sun firgita su kan afka wa shinge su karya wuya ko ƙafa. Sai a yi musu doguwar hanya mai shinge dama da hagu, a bi su a hankali har su shiga ɗakin aiki. Bangon ɗakin na katako ne mai santsi, ba ƙusa, ba kaifi. Masu kiwo sun lura barewa ta fi natsuwa inda haske bai yi yawa ba, don haka da yawansu su kan rage hasken ɗakin. Irin wannan sani a hankali aka tara shi, tsakanin manoma da malaman gona na wurin bincike da a ke kira Invermay, kusa da birnin Dunedin.

Aikin shekara

Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu lokacin barbara ne. Mazan su kan yi ta ruri dare da rana, su rage cin abinci, su yi faɗa da juna. A lokacin nan namiji abin tsoro ne, ko mai shi ba ya shiga wurinsa da wasa. A kan sa namiji ɗaya cikin mata da yawa. Waɗansu su kan sa namijin wafiti, don 'ya'yan su yi saurin girma.

Ciki ya kan yi wajen kwana 233, watau kusan wata 8. A kan haihu cikin Nuwamba da Disamba, lokacin da ciyawa ta ke da yawa. Ɗa ɗaya ta kan haifa, tagwaye sai jefi-jefi. Uwar ta kan ɓoye ɗanta cikin doguwar ciyawa, saboda haka manomi ya kan bar musu wuri mai duhuwa, ba ya kuwa damunsu. Da sanyi, sa'ad da ciyawa ta daina tsiro, sai a ba su wadda aka yanka aka adana, da ganyen da aka shuka dominsu.

Abin da a ke samu

Na fari nama. Ja ne, ba shi da kitse da yawa. A kan yanka su suna da kamar shekara 1, naman ɗaya ya kan kai wajen kilo 55. Galibinsa ƙasashen waje a ke kai shi, Turai da Amurka.

Na biyu ɗanyen ƙaho. Sa'ad da sabon ƙaho ya ke tsirowa yana da taushi, fata mai laushin gashi ta rufe shi, jini yana gudu a ciki. Ya kan ƙaru kusan inci 1 a rana. In ya yi kamar kwana 60 sai a yanke shi. Da ya ke yana da jijiya, doka ta ce sai an yi allurar kashe zafi, kuma sai likitan dabbobi ko wanda aka horar aka ba shi izini. Mutanen Koriya ta Kudu da Sin ne ke saye, suna sa shi cikin maganinsu na gargajiya. Baɗi kuma wani ya tsiro, namijin yana nan da ransa.

Na uku fata. Tana da taushi da ƙarfi, ana ɗinka safar hannu da riguna da ita.

Cuta da kasuwa

Kada ku ce riba ce kawai. Bareyi su kan kamu da tsutsar huhu, da zawo, da tarin fuka irin na shanu. Mai yaɗa tarin nan wata ƙaramar dabba ce mai hawan itace, girmanta kamar kyanwa, ana kiranta fosam. Ita ma baƙuwa ce, daga Ostiraliya aka kawo ta don gashinta. Saboda cuta, kowace barewa ana sa mata lamba a kunne, a rubuta inda ta fito da inda ta tafi.

Kasuwa kuma ba ta da tabbas. A 2004 bareyin gona sun kai wajen 1,700,000. Yawansu ya karya farashin nama, manoma da yawa suka sayar da garkunansu suka koma kiwon shanun madara ko tumaki. Zuwa 2020 ba su kai 1,000,000 ba.

Abin lura

Dabba ɗaya ce, amma da aka sake ta ba shinge ta ci daji, da aka tsare ta da sani ta ciyar da gidaje. Abu 3 suka mai da ɓarna dukiya: shinge mai ƙarfi, da sanin halin dabba, da mai saye. Na dajin kuwa har yanzu suna nan suna ɓarna, ana kuma harbinsu. Sakin baƙuwar dabba aikin rana ɗaya ne, tattaro ta kuwa ya gagari jikoki.

Tambayoyi

1. Ina bambancin ƙahon barewarmu da na barewar Turai?
2. Don me bareyi suka yi yawa a Niyu Zilan?
3. A wace shekara aka ba da izinin kiwonsu?
4. Don me ba a korar su da ihu?
5. Ku rubuta abu 3 da a ke samu daga barewa.