Darasi: Asiran Mutanen Dā da Asirin Kristi



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin Samaru da Sabon Gari. Yaro ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello da carbinsa a aljihu, ya dawo gida hutu, ana zaune ana cin tuwon dare sai ya ce, “Baba, ashe duk abin da muke yi a majami'a aro ne? An ce tun kafin Yesu akwai gumakan da suka mutu suka tashi, akwai masu yin baftisma, akwai masu cin gurasa a ɓoye.” Wani uban yakan yi tsawa, wani kuma ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ko wanne aka yi, yaron yakan tashi da zaton cewa Ikilisiya ba ta da amsa, daga nan zuwa Misa ya fara yi masa nauyi. Domin irin waɗannan iyaye da 'ya'yansu muka shirya darasin nan.

Da farko mu sani cewa zancen ba sabo ba ne. A shekara ta 1890 wani Bature mai suna James Frazer ya wallafa babban littafi a kan gumakan da ake cewa suna mutuwa suna tashi tare da amfanin gona, a 1910 kuma wani masani na ƙasar Jamus, Richard Reitzenstein, ya yi ƙoƙarin nuna cewa Manzo Bulus ya ɗebo koyarwarsa daga addinan asiri na Helenawa. Masana sun yi shekaru suna auna wannan ra'ayi, yawancinsu kuwa, masu bi da marasa bi, sun bar shi. Amma abin da malamai suka ajiye, sai ƙananan littattafai da wani fim mai suna Zeitgeist na 2007 suka sake ɗauka, yanzu ga shi ya iso cikin wayoyin 'ya'yanmu kamar jiya aka gano shi.

To, mene ne addinan asirin nan? Mu Hausawa ba mu da wahalar gane su, gama muna da abin da ya yi kama da su a ƙofar gidanmu. Da yawa a cikinmu jikokin Maguzawa ne, mun kuma ji labarin bori daga bakin kakanninmu. Mutum ya yi ciwon da ya ƙi jin magani, sai a ce iskoki ne suke nemansa. A keɓe shi kwanaki, a yi masa jiƙo da turare, a yanka dabba mai launin da iskan yake so, masu garaya ko goge su yi ta kiɗa har iskan ya hau shi. Wannan ita ce girka. Wanda aka girka ya zama doki, mace kuma goɗiya, ya san abin da na waje bai sani ba, ya kuma biya kuɗi mai yawa kafin ya sani. Baba ta Karo, wadda ta ba da labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta yi bayanin bori a ƙasar Zazzau kamar yadda ta gani da idonta. Abin dariya ma, sunan ƙasar da za mu yi zancenta yanzu shi ne Girka, ko da yake kalmomin biyu ba su haɗa komai ba sai sauti.

A ƙasar Girka ɗin akwai wani gari mai suna Elusis, kimanin kilomita 20 daga birnin Atina. Kowace shekara wajen watan Satumba, dubban mutane sukan taka da ƙafa daga Atina zuwa can, tafiyar da ta fi ta Samaru zuwa Sabon Gari nisa. Kafin ranar sukan yi wanka a teku tare da ɗan alade na hadaya, su yi azumi, sa'an nan su sha wani abin sha na sha'ir da ruwa. Da dare a shigar da su wani babban zaure a nuna musu abin da ba a faɗa. Labarin da ke bayan wannan shi ne na gunkiyar hatsi, Demeta, da 'yarta wadda sarkin lahira ya sace, wadda take komowa wurin uwarta wani ɓangare na shekara. Hukuncin wanda ya tona asirin kisa ne, har a shekara ta 415 kafin haihuwar Kristi aka yanke wa wani babban jarumin Atina, Alkibiyadis, hukunci domin an ce ya yi wasa da shi a gidan shaye-shaye. Sun riƙe bakinsu sosai, har wa yau ba wanda ya san tabbacin abin da ake nunawa a zauren. An rushe wurin a shekara ta 396.

Akwai kuma na Isis da Osiris daga Masar. Wani marubuci ɗan Afirka ta Arewa, Afuliyus, wanda ya yi zamani a ƙarni na 2, ya ba da labarin mutumin da aka shigar asirin Isis, da yadda ya sayar da tufafinsa kafin ya iya biyan kuɗin mataki na gaba. Sai na Mitras, wanda shi aka fi jifanmu da shi. Addinin maza ne zalla, sojojin Roma da yawa suna ciki, suna taruwa a ƙananan ɗakuna masu kama da kogo, suna da matakai 7, daga na Hankaka har zuwa na Uba. An tono wuraren sujadarsu da yawa, ɗaya ma yana ƙarƙashin majami'ar Waliyyi Kilemen a birnin Roma, ɗaya kuma an same shi a tsakiyar Landan a 1954.

Yanzu sai mu auna. Ana cewa budurwa ce ta haifi Mitras a ranar 25 ga Disamba, yana da almajirai 12, ya mutu ya tashi. Masu bautarsa da kansu ba su faɗi haka ba. A sassaƙe-sassaƙen da suka bari, Mitras daga dutse yake fitowa, riƙe da wuƙa da tocilar wuta. Abubuwa 12 da ke kewaye da shi alamun burujai ne na sararin sama. Shi ne yake yanka bijimi, ba shi ake kashewa ba. Babu wani rubutu na dā da ya ce ya mutu, balle ya tashi. Osiris kuwa, ɗan'uwansa ya kashe shi ya daddatsa shi, matarsa ta harhaɗa gaɓoɓin, ya zama sarkin matattu a lahira, bai komo ya ci abinci da abokansa ba. Sa'an nan a duba shekaru. Wasiƙun Bulus an rubuta su tsakanin shekara ta 50 da sittin da 'yan kai, alhali alamun farko na addinin Mitras a daular Roma sai wajen ƙarshen ƙarni na 1 suka bayyana. Ƙane ba ya haifar wansa.

Saiwar bangaskiyarmu ba a ɓoye take ba, tana cikin Tsohon Alkawari. Yesu Bayahude ne, manzanninsa Yahudawa ne, Yahudawa kuwa ba mutanen da suka kai su ƙyamar gumaka. Mu Katolika muna da shaida a cikin Littafinmu: a 2 Makabiyawa sura 6 mun karanta yadda sarki Antiyokus, wajen shekara ta 167 kafin Kristi, ya tilasta wa Yahudawa su ɗaura ganye a ka su shiga jerin gwanon gunki Diyonisus, da yadda waɗansu suka zaɓi mutuwa a kan su ƙazantu. Littafin Hikima sura 14 ya la'anci bukukuwan ɓoye a fili. Shin jikokin waɗannan mutane ne za su je su aro jibi daga ɗakin gumaka? Jibin Ubangiji daga Idin Ƙetarewa ya fito, da ɗan rago da gurasa marar yisti da ƙoƙon godiya. Baftisma daga wankan tsarki na Yahudawa da wa'azin Yohanna a Kogin Urdun ta fito. Masu tono sun sami wuraren wankan nan da yawa kusa da Haikali a Urushalima. Ita kanta kalmar asiri da Bulus yake amfani da ita, tana cikin littafin Daniyel sura 2, inda Allah ya buɗe wa bawansa abin da sarki ya yi mafarki, tana kuma cikin naɗaɗɗun littattafan Yahudawa da aka fara samu a Kumran a 1947.

Duk da haka ba za mu ce babu abin da Ikilisiya ta ɗauka daga maƙwabtanta ba, gama ƙarya ba ta taimakon bishara. Ta ɗauki kalmomi, ta ɗauki salon zane da na gini. Wajen shekara ta 200 Kilemen na Iskandariya ya yi wa Helenawa wa'azi da kalmomin asiransu, yana kiransu su zo su ga asiri na gaskiya. Bikin Kirsimeti a 25 ga Disamba an fara ganinsa a rubuce a Roma a shekara ta 336. Waɗansu masana suna ganin an zaɓi ranar ce domin ta maye gurbin bikin rana, waɗansu kuma suna ganin an lasafta wata 9 ne daga 25 ga Maris. Ko wanne ne gaskiya, Linjila ba ta faɗi ranar ba, bangaskiyarmu kuma ba a kan kalanda take tsaye ba. A nan ma mu duba kanmu. Sa'ad da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Angilikan a Zariya ya sha wahalarsa tare da waɗansu, an yi amfani da Allah, da mala'ika, da annabi, da azumi, kalmomin da suka shigo Hausa daga Larabci. Har kalmar asiri ɗin daga can take. Ba wanda ya isa ya ce domin haka bishara daga Makka ta zo. Mai wa'azi da harshen mutane yake magana, in ba haka ba wa zai ji shi? Majalisar Vatikan ta Biyu ma ta koyar a 1965 cewa Ikilisiya ba ta ƙin abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai. Mutanen Elusis suna tsoron mutuwa, suna marmarin rai bayan kabari, kamar yadda kakanninmu suka nemi lafiya a wurin iskoki. Ƙishirwar gaskiya ce, ba mu kuwa yi mata dariya.

Amma ga inda hanyoyi suka rabu. A Elusis asiri abu ne da ake rufewa, a bakin Bulus kuwa abu ne da aka buɗe. A Afisawa sura 3 da Kolosiyawa sura 1 ya bayyana cewa shirin Allah wanda yake a ɓoye tun zamanai, yanzu an sanar da shi ga kowa, wato al'ummai ma magada ne tare da Isra'ila cikin Kristi. Yesu ya shaida wa babban firist cewa a fili ya yi koyarwarsa (Yohanna 18:20), Bulus kuma ya tuna wa sarki Agaribas cewa ba a lungu aka yi al'amarin ba (Ayyukan Manzanni 26:26). Ba wanda zai iya faɗin shekarar da aka kashe Osiris, amma kowace Lahadi muna ambaton Bilatus Babunti, gwamnan da ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, wanda aka sami sunansa a sassaƙe a dutse a Kaisariya a 1961. Marubucin tarihin Roma, Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, shi ma ya rubuta cewa Bilatus ne ya kashe Kristi a zamanin Tibariyas. Wajen shekara ta 155 Waliyyi Yustin Mai Shahada ya rubuta wa Sarkin Roma yadda ake yin Misa daki-daki, da karatu, da wa'azi, da addu'o'i, da gurasa da ruwan inabi, da baiko domin marayu da gwauraye. Da ɗan Elusis ne ya yi haka, da ya rasa kansa. Yustin ya rasa nasa wajen shekara ta 165, amma domin ya ƙi miƙa hadaya ga gumaka.

Wannan ƙin shi ne bambanci na biyu. Mutumin Roma yana iya shiga asirin Isis bana, na Mitras baɗi, ba mai hana shi, yadda doki ɗaya yake ɗaukar iskoki da yawa. Bulus kuwa ya gargaɗi Korantiyawa cewa ba a haɗa ƙoƙon Ubangiji da na aljannu (1 Korantiyawa 10:21). Batun kuɗi kuma, mun san amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Samariya sa'ad da ya so ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki. Saboda haka idan wata ƙungiya, a makaranta ko a kasuwa ko a ofis, ta kira ɗanmu da dare, ta sa shi rantsuwar rufe baki, ta karɓi kuɗinsa, ta yi masa alkawarin wani sani na musamman wanda wai Fada ya ɓoye masa, to, wannan ita ce 'yar Elusis, ko da tana ambaton sunan Yesu.

Wani zai ce, ai mu ma mukan sallami masu koyon bangaskiya bayan wa'azi kafin a shiga hadaya. Gaskiya ne, tsohuwar al'ada ce wadda ta yi ƙarfi a ƙarni na 4, aka kuma sabunta ta cikin tsarin baftismar manya na 1972. Waliyyi Siril na Urushalima da Waliyyi Ambros na Milan sukan jira sai bayan baftismar daren Ista kafin su bayyana wa sababbin masu bi ma'anar abin da suka karɓa. Dalilin shi ne girmamawa da koyarwa mataki-mataki, yadda uwa ba ta ba jariri tuwo kafin ya yi haƙori. Wa'azozin nan nasu kuwa an rubuta su, an buga, kowa yana iya karantawa.

Idan yaron ya sake kawo zancen, kada a yi masa tsawa. A tambaye shi cikin natsuwa wane rubutu na dā ne ya faɗi abin da ya ji, wa ya rubuta shi, a wace shekara. In ya rasa, a je tare wurin katikis ko Fada a bincika. A daren Ista kuma a zo da shi Babbar Majami'ar Kristi Sarki a Sabon Gari, ya tsaya inda ake hura sabuwar wuta a waje, a gaban duk mai wucewa, ya kasa kunne ga karatun Farawa da Fitowa da annabawa, ya ƙirga da kansa nawa ne a ciki suka fito daga Atina.