Kafin Ka Sayi Fom: Zaɓen Makarantar Koyon Katun da Wasannin Gem

Kowane aji ba ya rasa mutum guda da ke cika bayan littafinsa da zane ana tsakiyar lakca. In kai ne, kuma ND ta kusa ƙarewa, to lokaci ya yi da za ka zauna ka yi lissafi. Kuɗin iyaye da shekarunka ne a kan layi, kuma makaranta ba riga ba ce da za ka mayar kasuwa in ba ta yi maka ba.

Da farko, ka san abin da kake nema. Katun daban, gem daban. Mai katun aikinsa sa wa zane rai. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ko da kowane zane za a nuna shi sau biyu, minti ɗaya kacal zai ci zane 720. Ka ga kenan sana'ar masu haƙuri ce. Shi kuwa mai tsara gem, dokokin wasa yake ginawa: me ɗan wasa zai yi, yaushe zai ci, yaushe zai faɗi. Nan sai da ɗan lissafi da rubuta kod, a manhajoji irin su Unity, Unreal ko Godot.

Na biyu, duba rajista. Kwas ɗin foliteknik sai da amincewar hukumar NBTE, na jami'a kuma sai NUC. Kwas ɗin kansa za ka bincika, kada ka tsaya kan sunan makarantar. Wanda ya yi HND a kwas marar amincewa zai iya gamawa ya tarar babu shi babu bautar ƙasa. A gida akwai tsofaffin wurare na zane: Kwalejin Fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947, Foliteknik ta Auchi, da sashen zane da na tsara kayan masana'antu a ABU Zariya. Amma ka tambaya ko katun na cikin manhajar karatunsu, kuma semesta nawa ake yinsa.

Na uku, je ka gani da idonka. Hoton talla ba ya faɗin gaskiya. Shiga situdiyo, ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ka raba da yawan ɗalibai. Akwai sola ko janareta? In wuta ta ɗauke kana tsakiyar fitar da aiki, wallahi sai ka sake daga farko. Nemi ɗan ajin ƙarshe ka ce ya nuna maka aikinsa. Tambaye shi ina suke zuwa SIWES, kuma malamansu sun taɓa yin aikin da aka saya? In amsar ta zama kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Masu hangen waje kuma, sunayen da za ku yi ta ji su ne CalArts a Amurka, wadda Walt Disney da ɗan'uwansa Roy suka assasa a 1961, da Gobelins a Faris, da Sheridan a Kanada, sai DigiPen ga masu son gem. Suna da kyau, amma da dala da yuro ake biya, ga haya ga abinci. In ba tallafin karatu ka samu ba, kar a sayar da gonar gida saboda suna.

Abin da makarantun nan da kamfanoni ke fara dubawa shi ne kundin ayyukanka. Don haka fara yau. Blender kyauta ce, Krita ma haka. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi, ya kuma ci Oscar a 2025. Iwájú, wanda Kugali da Disney suka fitar a 2024, labarin Legas ne. Namu labaran na Gizo da Ƙoƙi suna nan suna jiran mai zana su.

Ga jinga kafin fitowa ta gaba: zana ƙwallo tana faɗowa tana tashi, na daƙiƙa biyar. In ka gama kana marmarin gyara ta, sayi fom. In ka gaji tun a zane na goma, gara ka gane yanzu, tun kuɗin Baba na aljihunsa.