Ƙasar Da Ke Bakin Teku Amma Ba Ta Samun Ruwan Sama

Shekarun baya, sa'ad da nake koyar da labarin ƙasa a wata makarantar firamare a nan Kafanchan, wata rana na tsaya gaban allo na ce wa yara, "Ruwan sama daga teku yake fitowa. Rana takan dafa teku, tururi ya tashi, iska ta kwaso shi ta kawo mana, ya zama hadari." Duk suka amsa. Sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu, ta nuna taswirar Afirka da ke rataye a bango, ta ce, "To, Malam, ga wata ƙasa can daidai bakin teku, don me aka shafa mata launin rairayi?" Na duba, ashe Muritaniya ce. Na gyara murya na ce, "Wannan sai kun je gaba." Ku da za ku zama malamai, ku sani duk sa'ad da malami ya faɗi haka, to, bai san amsar ba ne.

Abin ya daɗe yana cina a rai. Cikin watan Janairu na 1919 kuwa ba a haife ni ba, amma cikin Janairu na 2019 Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar, gama ƙanena yana aikin gyaran injin jiragen masunta a Nuwadibu, ya matsa mini in zo in gan shi.

Ku fara riƙe girman ƙasar tukuna. Muritaniya ta ɗara murabba'in kilomita miliyan 1, watau ta fi Nijeriya faɗi. Amma da aka ƙidaya mutanenta a 2023 ba su cika miliyan 5 ba, alhali kuwa Jihar Kaduna kaɗai ta wuce miliyan 6 tun ƙidayar 2006. Ta sami mulkin kai daga hannun Faransa ran 28 ga Nuwamba 1960, ƙasa da wata biyu bayan namu. Yawancin mutanen Larabcin Hasaniyya suke yi, amma a kudu akwai Fulani da Sarakole da Wolof. 'Yar Fillancin da na tsinta a kasuwar Mariri ma ta yi mini rana wajen gaisuwa.

Daga Dakar na shiga mota zuwa Roso, muka haye Kogin Sanagal a kan fito. A bakin kogin akwai gonakin shinkafa kore shar, har mutum ya ce ko Kadawa yake. Da muka miƙa arewa sai itatuwa suka yi ta raguwa, suka koma ƙaya, ƙayar ma ta yi ta tsinkewa. Bayan kilomita wajen 200 muka shiga Nuwakshot, babban birnin ƙasar. Ɗan ƙauye ne kawai kafin a aza harsashinsa a 1958. Farin da aka yi cikin shekarun 1970 ya kashe wa makiyaya dabbobinsu, suka kwararo cikinsa, har yau mutanensa sun haura miliyan 1. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan da na sha a masaukina. Ga teku nan ana jin rurinsa, amma ruwan famfon daga Kogin Sanagal ake turo shi ta bututu, daga can inda na baro.

Akwai kwalta daga Nuwakshot har Nuwadibu, tafiyar yini guda. Ban bi ta ba. Ni ɗan ma'aikacin reluwe ne, a Kafanchan aka yanke mini cibi, garin da jirgin ƙasa ya raya tun da dogo ya iso a 1927 ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya Jos. Yaya za a ce akwai jirgi irin na Muritaniya in wuce ban hau ba? Sai na yi zagaye, na bi ta Atar, daga nan na sami mota zuwa wani ɗan gari wai shi Shum.

Ga labarin dogon. A arewacin ƙasar, kusa da Zuwerat, akwai wani dutse mai suna Kediyat Ijil, tsawonsa mita 915, babu wanda ya fi shi a ƙasar, cikinsa kuwa tama ce. Don a kai tamar nan bakin teku aka shimfiɗa dogo mai kilomita 704, aka buɗe shi a 1963. Kamfanin Turawa ne ya fara aikin, gwamnati ta karɓe shi a 1974. Faɗin dogon milimita 1,435, ya fi namu na da, mai milimita 1,067. Kusa da Shum sai da Faransawa suka fasa dutse suka yi rami na wajen kilomita 2, ba don komai ba sai don kada dogon ya taka ƙasar da Sifaniyawa ke mulki a lokacin. Yanzu an daina bi ta cikinsa.

Mun zauna jiran jirgi tun la'asar. Ba wanda ya duba agogo sai ni. Wani dattijo mai shuɗiyar babbar riga ya hura gawayi ya dafa shayi, ya yi ta juya shi daga wannan ɗan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Sau uku ake sha, ba a kuwa tashi kafin na ukun. Ya dubi jarkar ruwana, ya dubi 'yar rigar sanyina, ya girgiza kai, ya ciro wani tsohon bargo ya miƙo mini. Na ce a raina, bargo a hamada? Na karɓa dai don kunya.

Wajen magariba muka hango fitila, sa'an nan muka ji ƙasa tana rawa. Na ga jiragen kaya a tashar Kafanchan ina yaro, muna ƙirga taragu muna murna in sun kai 30. Wannan kuwa taragunsa sun kai 200, kowane ɗauke da tama tan 80 da ɗoriya, tsawonsa ya wuce kilomita 2. Kan jirgin ya wuce mu da daɗewa, wutsiyarsa ba ta ko bayyana ba. Akwai taragon fasinja guda a can baya, amma a shekarar da na je talakawa da yawa kan tamar suke hawa, ba a biyan ko sisi. Muka hau da buhunanmu, har da mai awaki biyu. Muka tone rami cikin garin tamar, kowa ya naɗe fuska da rawani, muka kwanta.

Kafin tsakar dare na gane hikimar dattijon nan. Na san sanyin Kagoro, na san na Jos, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Dalili kuwa shi ne, gajimare da laimar iska su ne bargon ƙasa, su ke tare zafin da ta sha da rana. Inda babu su, da faɗuwar rana zafin sai ya tsere sama. Shekara nawa ina gaya wa yara hamada wurin zafi ce kurum! Can cikin dare aka taɓa ni aka nuna mini wani baƙin abu ya tokare taurari, aka ce Ben Amira ke nan, dutse guda curi mai tsawon mita 600 da wani abu. Ƙauyukan da muka wuce kuwa 'yan bukkoki ne a gefen dogo, waɗansunsu jirgin nan ne ke kawo musu ruwan sha cikin tanki.

Da hantsi muka iso Nuwadibu, baƙi ƙirin da ƙura, har ƙanena ya wuce ni bai shaida ni ba. Kashegari ya kai ni bakin teku, na tuɓe takalmi na tsoma ƙafa. Na yi maza na janye. Ruwan sanyi ƙarara, kamar na sabuwar randa da asuba. Nan na tuna da yarinyar nan, gama amsarta ce ke lasar ƙafata.

To, ku saurara da kyau. Iskar damina da ke kawo mana ruwa daga kudu maso yamma take busowa, ta kan tekun da ke gaban Ikko, wanda ɗuminsa kan kai digiri 27 ko 28. Ruwa mai ɗumi yana ba da tururi mai yawa, iska mai ɗumi kuma ba ta da nauyi, sama take yi. In ta iso nan ta ci karo da duwatsun Kagoro da gindin tudun Jos, sai ta ƙara hawa, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa muke samun ruwa wajen milimita 1,500 a shekara, Matsirga tana ambaliya, citta tana yin kyau. Amma iskar nan tana tafiya arewa tana gajiya. Mu muna wajen digiri 9 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Tana kai wa Kogin Sanagal da ɗan sauran ƙarfinta, ta leƙa Nuwakshot a digiri 18 da ƙyar, Nuwadibu kuwa a digiri 21 sai labari. Ruwan da ke sauka can a shekara bai kai milimita 50 ba, abin da hadari guda na watan Agusta kan zubar mana kafin a gama tuwon dare.

Iskar da ke mulki a can 'yar'uwar hunturunmu ce, busasshiya, daga arewa da arewa maso gabas. Mu wata uku ko huɗu take yi mana ta tafi, su kuwa kusan shekara duka tana nan. Sa'an nan cikin tekun kansa akwai wani kogin ruwan sanyi da ke gangarowa daga arewa yana bin gaɓar, ana kiransa da sunan tsibiran Kanari. Har wa yau iskar tana kore ruwan da ke bisa daga gaɓa, na ƙarƙashi mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, don haka ɗumin tekun bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Iskar da ta kwanta kan ruwan sanyi takan yi sanyi ta yi nauyi, ba ta iya tashi. Abin da ba ya tashi kuwa ba ya zama hadari, iyakarsa hazo da raɓa da safe.

Ruwan nan da ya hana su damina shi ne kuma ke ciyad da su. Sa'ad da yake tasowa daga ƙasa yakan kwaso abincin kifi, shi ya sa gaɓar Muritaniya tana cikin wuraren da suka fi kifi a duniya. Na ga kwale-kwale a tashar masunta ta Nuwadibu har ido bai ga ƙarshensu ba, masu aiki kuwa daga Sanagal, da Mali, da Gana, da 'yan Nijeriya irin ƙanena.

In kun je koyarwar gwaji aka ba ku wannan darasi, kada ku tsaya kan allo. Ku sa a kawo ruwan zafi a kwano, yara su ga tururi yana hawa sama. Sa'an nan ku nemi ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan leda, ku ɗora a kan tebur, su duba yadda farin hazonta ke gangarowa ƙasa. Daga nan ku buɗe taswira, ku ce su bi gaɓar yammacin Afirka da yatsa su yi kudu, su nemo muku wata ƙasar kuma da ke bakin teku aka shafa mata launin rairayi. Za su tsaya a kan Namibiya. Ku bar su su faɗi da bakinsu ko ruwan tekun can ɗumi gare shi ko sanyi.