Tayar da Kowa ya Gani, Amma Babu Wanda ya Yi Magana

Wata Juma'a a hutun da ya wuce na shiga mota daga Ajingi zan je Gaya. Ranar kasuwar Wudil ce, an cika motar maƙil da mutane da buhunhuna. Kafin in shiga na ga tayar baya ta kumbura a gefe, har zare ya fito. Na so in yi magana, sai na dubi direban na ga sa'an babana ne, na ce a raina wa ya aike ni. Ba mu kai Gaya ba tayar ta fashe, muka gangara cikin gona. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata dattijuwa ta karye a hannu. Da muka fito, mutum uku suka ce su ma sun ga tayar tun a tasha.

Abin ya tuna mini da hatsarin jirgin alhazanmu a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada, Nationair, da aka ɗauko haya ya kai alhazai Sakkwato. Kwanaki kafin ranar, bakanike ya gano iskar wasu tayoyi ta yi ƙasa. Da safen tafiya an nemi iskar naitrojin da ake hura musu ba a samu ba, mai kula da jigilar kuma ya ƙi yarda a yi jinkiri. Kyaftin ɗin bai san da maganar ba. Wajen tashi tayoyi biyu suka fashe suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin, wutar ta ci wayoyi da bututun mai. Sun juyo za su sauka, ba su kai titin jirgi ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Ga darussa uku da na ɗauka.

Na farko, wanda ya ga matsala shi ke da nauyin faɗa, komai ƙanƙantarsa. A 1978 wani jirgin United ya faɗi a Portland ta Amurka saboda mai ya ƙare, kyaftin yana can yana fama da matsalar tayoyi, mataimakansa kuma ba su nanata masa da ƙarfi ba. Bayan wannan ne aka fara horar da matuƙa cewa ƙarami ya faɗa wa babba gaskiya kai tsaye, babba kuma ya saurara. Mu ma muna da hanyar yin haka cikin ladabi: "Baba, don Allah a duba tayar nan, ta kumbura, ni dai ba zan iya shiga ba." Ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da kake tsoro, ka kawo mafita.

Na biyu, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a Ohio wajen gwaji, don ƙwararrun matuƙa sun manta ba su cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa ba. Daga nan aka ƙirƙiro jerin abubuwan da ake karantawa ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi. A wakshop ɗinmu ma haka ya kamata: an kashe wuta daga babban layi? An gwada da mita? Kowa ya sa takalmi da gilashin kariya? Ɗaya ya karanta, ɗaya ya amsa.

Na uku, sauri ya haifi nawa. Matsin lokaci ne ya tashi jirgin Jidda. Shi ne kuma ke sa mu haɗa waya babu gwaji saboda gobe za a karɓi furojet.

'Yan uwa, wasunmu za su fita SIWES, za su tsaya gaban oga da ya shekara ashirin a sana'a. Za ku ga wani abu da ba daidai ba, kunya kuma za ta riƙe muku baki. Ni na yi shiru a tashar Ajingi, har yau ina ganin hannun dattijuwar nan. In kun gani, ku faɗa.