Inda Ruwan Birnin Gwari Ya ke Zuwa

Kowane hakimi ya san rafukan ƙasarsa da sunayensu, ya san mashigi da mashaya, ya san inda kwalekwale ya ke zama tilas in damina ta yi tsaka. Amma ba kowa ba ne ya san inda ruwan nan ya ke ƙarewa bayan ya ƙetare iyaka. Sanin wannan kuwa yana da amfani ga mai riƙon ƙasa da malaminsa, domin abin da aka yi wa ruwa a tudu, mutanen gangare su ke ganinsa.

Babban kogin ƙasar Birnin Gwari shi ne Mariga. Shi ya raba dajin Kamuku da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, ƙoramun dajin kuma cikinsa su ke zuba. Daga nan ya yi kudu cikin Jihar Neja, ya faɗa Kogin Kaduna a wajen Zungeru da Wushishi. Shi kuwa Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, kusa da Vom, tsawonsa wajen kilomita 550 ne. Ya ratsa fadamun shinkafa na ƙasar Nufe, sa'an nan ya shiga Kwara a Muregi, daura da Patigi. To, a lura da wannan: madatsar Kainji da aka gama a 1968 da ta Jebba duka suna sama da Patigi, saboda haka ruwan Birnin Gwari ba ya bi ta cikinsu. Wanda ya rubuta cewa Mariga tana ba Kainji ruwa ya yi kuskure.

Kwara ita ce ta uku cikin kogunan Afirka wajen tsawo, bayan Nilu da Kwango, tsawonta wajen kilomita 4,180. Tafiyarta abin mamaki ce. Ta ɓuɓɓugo a tsaunukan Gini, kusa da iyakar Saliyo, inda bai fi kilomita 240 zuwa bakin teku ba, amma maimakon ta gangara can sai ta ba teku baya, ta nufi hamada. Ta wuce Bamako da Segu, ta gifta kusa da Tambutu, sa'an nan ta karkato ta Gawo da Yamai, ta shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, ta bi ta Yawuri da Jebba. A Lakwaja ta gamu da Binuwai wadda ta fito daga Kamaru, suka zama ɗaya, har suka rarrabu rassa-rassa suka zuba cikin Tekun Atlantika. Wannan karkata ita ta rikita masanan Turai shekaru masu yawa: waɗansu suna zaton Kwara reshen Nilu ce, waɗansu suna cewa a wani tafki ta ke ƙarewa. Mungo Park ya gan ta a Segu a 1796, ya rasu a Busa a 1806 bai kai ƙarshenta ba. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi ta daga Busa har teku. Masunta da fatake na bakin kogin sun daɗe da sanin ta, sai dai kowa sashensa ya sani.

Ba dukan ruwan ƙasar Hausa ne ya ke bin wannan hanya ba. Arewa da Birnin Gwari, wajen Funtuwa, akwai tudu wanda ya raba ruwa. Gulbin Sakkwato daga nan ya taso, ya yi arewa maso yamma ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya zagayo ta Birnin Kebbi kafin ya sami Kwara. Gabas kuma Kogin Kano da Calawa sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ya ke bin Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. Wannan ruwa ba ya ganin teku ko kaɗan, gama Cadi ba shi da mafita: rana ta sha, ƙasa ta sha. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, garuruwan masunta suka wayi gari nesa da ruwa.

Maganar na-sama da na-ƙasa ba ta nan kaɗai ba ce. Yawancin ruwan da ya ke isa Masar ta Nilu daga tsaunukan Habasha ya ke fitowa. Shi ya sa da Habasha ta fara gina babbar madatsa a 2011, Masar ta ɗauki abin maganar rai da mutuwa, aka yi ta jayayya shekara da shekaru.

Abin da Habasha ta ke ga Masar, shi ne Birnin Gwari ta ke ga masu noman fadama na Mariga da Kaduna, ko da ya ke a ƙaramin ma'auni. Daji kamar soso ne. In ruwan sama ya sauka, ganye ya rage masa ƙarfi, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse, ya riƙa tsattsafowa cikin ƙoramu har rani. In an sare itatuwa an ƙone gawayi, ruwan ba ya tsayawa: a rana ɗaya zai kwashi ƙasar gona ya zuba a kogi, yashi ya cika gurbi, ambaliya ta ci shinkafa a gangare, watan Janairu kuma rafi ya ƙafe. Wankin zinariya a bakin ƙorama shi ma yana tura laka cikin ruwa, in kuwa an yi aiki da zaiba, dafinta yana shiga kifi, mai cin kifin yana can nesa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hukumar En'e ta Birnin Gwari ta keɓe gandun dajin Kamuku tun 1936, Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120. Rashin tsaro ya hana ma'aikatan daji shiga sassa da yawa shekaru da dama, don haka abin da masu unguwanni da dagatai su ke gani da idonsu ya ƙara daraja. Ya kamata malamin hakimi, in zai rubuta labarin rafi, ya faɗi sunansa, da kogin da ya ke zuba ciki, da watan da ya ƙafe bana, da watan da dattawan wurin suka ce ya saba ƙafewa, da ko an yi sabon sara ko haƙa a bakinsa.